Kafin A Ce Giyabos Ya Mutu

Jama'a masu sauraronmu, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na direbobi da makanikai. Ina gaishe da mutanen Kazaure, tun daga Kanti har Gada da Dandi. Ina gaishe da na Roni da Amaryawa, da na Gwiwa da Korayel, da 'yan'uwanmu na Ɓaɓura da Kanya da Garu, har da masu kama mu daga tsallaken iyaka a Jamhuriyar Nijar. Wanda ke kan sitiyari a yanzu, Allah Ya sauke ka lafiya. Ka ba mu aron kunne kawai, ido kuwa a bar shi a kan titi.

Yau a kan giyabos za mu tattauna, na motar manuwal, wadda sai ka taka kuloci ka sa giya da hannunka. Yaya ake gane abin da ya cinye a cikinsa, da abin da ya fashe, da abin da har yanzu yake da sauran aiki?

Duk wanda ya tsaya a tashar mota a yankin nan ya san kusan duk motocin da ke ciyar da mu manuwal ne: Golf, Sharon, Hiace, J5, Kanta, da sauran tsofaffin Fijo 504 da suka ƙi mutuwa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Peugeot a 1975. Wahalar da suke sha kuwa ba ƙarama ba ce. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure kwalta ce, babu laifi. Amma da ka sauka daga kanta labari ya canza. Wajen Roni hawa ne da gangara da duwatsu. Wajen Ɓaɓura rairayi ne, inda mota kan kafe, direba ya yi ta wan da ribas, wan da ribas, yara na turi, har sai ta fita. Ga lodi. Golf da aka ƙera don mutum biyar, a ranar kasuwa za ka gan ta da ninkin haka, but a buɗe an ɗaure buhunan gero ko riɗi ko zoɓo da igiya. Duk wannan nauyi ta kan haƙoran giya yake bi kafin ya isa taya.

Ga inda nake da ja da abin da muka saba. Da zarar giya ta fara ƙara ko ta ƙi shiga, sai ka ji an yanke hukunci tun ba a kwance noti ɗaya ba: «Alhaji, giyabos ya mutu, sai dai a je Ƙofar Ruwa a sayo ɗan Baljiyam.» A haɗa kuɗi, a tafi Kano, a ɗauko wani a ɗaura, a jefa tsohon a bayan gareji ruwa da rana su cinye shi. Sau da yawa abin da ya lalace a ciki zobe ɗaya ne ko boris biyu. Shi kuma ɗan Baljiyam ɗin, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a tuna fa, Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990 aka daina ƙera ta. Ke nan giyabos ɗin da ka sayo ya haura shekara 25 a duniya, kuma babu wanda ya leƙa cikinsa. Ba na cewa kada a saya. Akwai lokacin da sayen ne mafita, za mu zo kansa. Abin da nake cewa shi ne a duba tukuna.

Dubawar kuwa tun mota na tsaye a kan tayoyinta ake fara ta. Malam makaniki, ka tambayi direba, ka kuma bar shi ya yi bayani. Wace giya ce ke damunsa? Da safe ne kawai ko bayan mota ta yi zafi? Da lodi ko babu? Sannan ka tayar da inji, giya a firi, ƙafa a ɗage daga kuloci. Idan ka ji gurnani, ka taka kuloci ya ɗauke, to boris ɗin shaf na gaba ne, wanda ke karɓar juyi daga inji. Idan kuma shiru ne sai ka taka kuloci sannan kuka ya tashi, wannan boris ɗin kuloci ne, giyabos ba shi da laifi. Haka nan motar da duk giyoyinta ke wuyar shiga, ribas na kartawa, amma da an kashe inji kowace giya ta shige salin-alin. Wannan kuloci ne bai sakin inji sosai. A duba waya idan mai waya ce, a duba mai da silinda idan mai mai ce. An sha sauke giyabos lafiyayye saboda wayar kuloci.

Masu Hiace da Hilux da 504, wato motocin da ke ja da tayoyin baya, kuna da wata alama ta daban. A irin waɗannan, giya ta huɗu kai tsaye take haɗa shaf na gaba da na baya, ƙarfi ba ya bi ta shaf na ƙasa. Saboda haka idan mota na kuka a wan da tu da tiri, ta yi shiru a fo, ka zargi shaf na ƙasa da boris ɗinsa. Wannan gwaji bai shafi Golf ba, tsarin cikinta daban ne. Giyar da ke fita da kanta kuma, kafin a buɗe komai a leƙa robobin da inji ke zaune a kansu da bushin ɗin sandar giya. Idan sun yage, inji na girgiza yana fizge giyar.

Sai mai. Ni a wurina nan ne rabin binciken. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Sa ɗan yatsa a ramin. A galibin motoci ya kamata ka taɓa mai a bakin ramin nan. Idan ka lalubo ba ka ji komai ba, ka riga ka sami amsar tambayoyi da yawa. Giyabos ɗin Golf wajen lita biyu kacal yake ci, kuma giya ta biyar a can ƙarshe take zaune, ita ce ke fara jin ƙishi idan mai ya ragu. Shi ya sa za ka ji direban Golf yana cewa faif ce ke fita a kan hanyar Ɗambatta.

Ka tsiyaye man a cikin roba fara mai tsabta, ka fito da ita rana, ka karkata ta. Idan ka ga yana ƙyalli ruwan zinare, kamar an barbaɗa gari a ciki, tagullar zobba ce ke narkewa. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, don haka sai da ido ake ganinta. Idan man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Wannan da damina aka fi ganinsa, idan mota ta ɗauko zafi ta faɗa rafi, giyabos ya huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa ta 'yar ƙofar shan iska da ke samansa. Idan baƙi ne ƙirin yana ƙauri, ya sha wuta. Sannan ka ɗauki notin tsiyayewa, wanda a motoci da yawa akwai maganaɗisu a bakinsa, wasu kuma a cikin tukunyar giyabos ɗin aka dasa shi. Shafo abin da ya manne ka murza tsakanin yatsu biyu. Idan laushi ka ji, baƙi-baƙi, babu abin da ke sukar ka, wannan cin yau da gobe ne, kowane giyabos na yin sa. Idan ka ji tsini, ka ga ɓarɓashi mai walƙiya ko guntun ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce, babu sauran shawara, a sauke.

To, an sauke an buɗe. Yaran gareji, da ku nake yanzu. Galibin garejinmu a fili suke, ƙasa ce a ƙasa, ga iskar hunturu. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa ta ɓata aikin yini guda. A shimfiɗa kwali ko buhu mai tsabta. Kafin ka zare komai ka ɗauki hoto da wayarka, kowane mataki hoto, tunda wayar na aljihu ba kallon bidiyo kaɗai aka yi ta ba. Abin da ka zare daga kan shaf ka jera shi yadda ya fito, ko ka zura su a waya bi da bi, kada zoben giya ta uku ya koma ta huɗu, kada washa ta juya baya. A wanke da kananzir ko gas. Na san fetur ya fi saurin wankewa, amma mai walda na gefe yana aiki, wani kuma na kunna sigari. Kuma kada a ɗora guduma kai tsaye a kan shaf ko giya. In babu injin matsewa, a sa katako ko guntun tagulla a tsakani.

Manyan haƙora su ne kowa ke fara kallo. Shanya giyar, ka juya ta a haske haƙori bayan haƙori. Lafiyayyen haƙori za ka ga sheƙi a tsakiyar fuskarsa, sumul. Wanda ya gaji za ka ga ƙananan ramuka sun fito masa, ko fatar ƙarfen ta fara ɓarewa. Ja farce a kai, in ya maƙale to ya tafi. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa alamar zafi ne, ƙarfen ya rasa taurinsa ko da siffarsa ba ta canza ba. Haƙorin da ya ɓalle kuwa direba ma ya san da shi, don ƙwas-ƙwas yake yi daidai da gudun mota. Idan giya ɗaya ta lalace, a dubi abokiyar cizonta da kyau, galibi tare ake canza su, domin sabuwa a kan tsohuwa kuka za su yi ta yi har su cinye juna. Batun cike haƙori da walda kuwa, ra'ayina a fili yake: kada a yi. Fatar waje kawai masana'anta ke taurarawa, cikin na da ɗan laushi don ya jure duka. Wutar walda na kashe wannan tauri, kuma ranar da cikon ya ɓalle, tsakanin sauran haƙora zai faɗa.

Amma manyan haƙoran nan ba su ne ke kartawa idan ka sa giya ba. Mutane da yawa ba su san haka ba. Ban da ribas a tsofaffin motoci, giyoyin gaba kullum a cije suke da juna, suna juyawa tare. Abin da hannunka ke turawa ƙawanya ce da ke zamewa a kan shaf, ta hau kan wasu ƙananan haƙora da ke gefen giyar, ta kulle ta da shaf. Waɗannan ƙananan su ne abin dubawa. Sababbi suna da tsini a baki, gefe biyu sun haɗu. Idan sun daku sun zama dunƙule, giya za ta yi wuyar shiga. Gefensu kuma an ɗan fafe shi ta ciki don ya riƙe ƙawanya idan an taka totur. Ranar da wannan fafewar ta shafe, giya za ta riƙa tofar da ƙawanya, musamman a hawa ko idan an ɗaga ƙafa. A nan ne za ka ga direba ya danne sandar giya da hannu tun daga Roni har Kazaure, wani ma da robar tayar keke yake ɗaure ta. Mota dai ta kai gida, amma cokalin da ke tura ƙawanyar yana can yana gogar ƙarfe yana ƙonewa. A duba cikin ƙawanyar ita ma, haƙoranta tare suke cinyewa da na giyar.

Yanzu mu zo kan zoben tagulla, wanda makanikai ke kira sinkuro. A da babu shi. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sa shi a mota a 1928. Kafin nan, da kuma shekaru masu yawa bayan nan a manyan motoci, sai direba ya taka kuloci sau biyu yana daidaita totur da kunne, abin da tsofaffin direbobinmu ke kira dabul kuloci. Aikin zoben bai da wuyar ganewa. Ka ga yadda yaron mota ke bin mota da gudu idan ta fara tafiya, sai gudunsa ya zo daidai da nata sannan ya ɗafe? In ya yi tsalle tun bai daidaita ba, ƙasa zai sha. To, zoben ne ke kama wuyan giya ya rage mata gudu ko ya ƙara mata, har ta zo daidai da shaf, sannan ya ba ƙawanya hanya. In zobe ya gaji, ƙawanya na afka wa ƙananan haƙora suna kan gudu daban, ka ji ƙarrr. Giya ta biyu ce ta fi saurin kamuwa, don ita aka fi shiga da fita, kuma tazarar gudun da zobenta ke daidaitawa na da yawa.

Ga yadda ake gwada shi. Ɗauki zoben ka leƙa cikinsa. Za ka ga siraran layuka zagaye da shi. Aikinsu shi ne yanke man da ke kan wuyan giya don tagulla ta kama ƙarfe. A sabon zobe suna da kaifi, farce na jin su. Idan sun baje sun yi sheƙi, zoben ya gama. Ɗiga ɗan mai a wuyan giyar, ɗora zoben, danna shi da tafin hannu ka murɗa. Mai lafiya zai cije ya ƙi juyawa, wani lokaci ma sai ka ɗan ɓamɓare shi. Wanda ya mutu zai yi ta zamewa. Sannan, yana danne, ka dubi ratar da ta rage tsakanin bayan zoben da ƙananan haƙoran giyar. Yayin da tagulla ke cinyewa zoben na ƙara nutsewa, ratar na tsukewa, har ya zauna daram a jikin giya ba tare da ya kama wuyan ba.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri kam, a kawo mudun. Gejin nan mai siraran ƙarafa da ake saita bawul da shi, shi za ka zura a ratar. A giyabos ɗin Golf, sabon zoben wan da tu na barin ratar milimita 1.1 zuwa 1.7, kuma kamfanin ya ce in ta sauko 0.5 a jefar. Na Toyota ma iyakarsu ba ta kai milimita ɗaya ba, kowace mota da adadinta a littafinta, littattafan nan kuma yanzu ana samun su a intanet. Bambancin rabin milimita da milimita ɗaya, babu idon da zai rantse a kansa a ƙarƙashin bishiya da yamma. Gejin kuwa bai kai kuɗin lita biyu ta man giya ba. A kuma zagaya zoben a nemi tsaga, don zoben da ya tsage buɗewa yake idan an danna shi. A shafa wuyan giyar shi ma. In ya yi zane ko kunya-kunya, sabon zobe ba zai daɗe a kansa ba. Ƙananan makullai uku da sifirin ɗinsu da ke cikin ƙawanya, a tabbata sun cika, ba su karye ba.

Cokali, wanda wasu ke ce wa selekta, a sa shi a cikin ramin ƙawanya a auna wasan da yake yi. A littattafan Toyota da dama milimita ɗaya ce iyaka. In bakinsa ya sirance, ko ya yi shuɗi, ko ya lanƙwashe, ba zai tura ƙawanya ta kai ƙarshe ba, giya rabi za ta riƙa shiga. Akwai kuma 'yan ƙwallaye da sifirin da ke riƙe sandunan cokula a mazauninsu. Abu ne na kuɗi kaɗan, amma sifirin ɗaya da ya saki ya isa ya sa giya fita.

Boris kuma da yatsa ake sauraronsa. Wanke shi, ɗiga masa mai, danna shi ka juya a hankali. In ka ji gargada ko wani wuri yana ɗan tsayawa, ya tafi. Dubi hanyar da ƙwallayen ke bi, ko akwai ramuka ko canjin launi. Yara na son hura masa iskar kwamfuresa ya yi ta fito, a daina, juya busasshen boris da irin wannan gudu lalata shi yake, yana ma iya tarwatsewa a hannu. Siraran nan masu kama da allura da ke ƙarƙashin giyoyi, a ƙirga su, a dubi inda suke kwanciya a jikin shaf. A duba mazaunin boris a jikin tukunya: in boris na shiga da fita ba tare da matsi ba, ya riƙa juyawa a ciki ke nan ya cinye alminiyon. Wajen saye kuma a yi hattara. Sunaye irin su SKF da NSK da Koyo ana buga na jabu da kwalinsu da komai. Boris mai arhar da ta wuce hankali, kuɗin sauke giyabos karo na biyu ne ka biya tun yanzu.

Shaf, a dubi tsagogin da faifan kuloci ke zama a kai, in sun karkace ko sun sirance. Lanƙwasa kuwa ba a ganinta da ido, abin da ake yarda da shi bai fi kashi biyar cikin ɗari na milimita ba a motoci da yawa, sai da agogon awo. Ba kowane gareji ne zai iya sayensa ba, na sani. Amma makanikan gari guda, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NATA, me zai hana su haɗa kuɗi su ajiye guda ɗaya da injin matse boris, kowa ya riƙa amfani? Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a nan Kazaure, inda yaranmu ke karatun injiniya. Su suna da ilimin awo, ku kuna da hannu da kunne. Na daɗe ina ganin asara ce a ce katanga ce kawai ta raba ku.

Masu Golf, ga wata taku ta musamman. Babbar giyar da ke juya tayoyi, da ƙusoshin ribit aka kama ta a irin wannan giyabos, kuma sanannen abu ne a duniya cewa kawunansu kan guntule. In ɗaya ya fita, giya kan ɗauke shi ta huda tukunya da shi, mai ya tsiyaye a hanya. Duk wanda ya buɗe giyabos ɗin Golf ya taɓa ribit ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. In akwai mai motsi, a canza su duka da noti masu ƙarfi da aka yi don wannan aiki. Motar da ke kafewa a yashi tana fizga, ita ta fi shiga wannan haɗari. Sil da fakin kuwa ba a mayar da tsoho, magana ta ƙare. A buɗe 'yar ƙofar shan iska in ta toshe, in ba haka ba sabon sil ma zai yi yoyo.

Bayan an gama duba, sai lissafi. A nan nake roƙon makanikai ku kira mai mota ku shimfiɗa masa kayan a gabansa. «Alhaji, ga zoben tu, ga ratar da ta rage, ga boris, taɓa ka ji.» Mai mota kuma ka zo da kanka, kada ka aiko yaro. In zobba ne da boris da sil, gyara ya fi. In shaf na ƙasa ne ya ɓare, wanda a Hiace yawancin giyoyinsa a jiki ɗaya suke, ko tukunya ta fashe, ko ɓarɓashin ƙarfe ya zaga ko'ina, to a nan ɗan Baljiyam ya fi sauƙi. In za a saya, a tafi da makaniki. A sa kowace giya a juya shaf da hannu a ji. A kwance notin mai a ga abin da zai fito. A dubi haruffan da aka buga a jikin tukunya a gwada da na tsohon, domin na motar gas da na motar fetur kamarsu ɗaya a ido amma ƙirgen haƙoransu daban, in aka yi kuskure mota ta rasa ƙarfi a hawa ko inji ya yi ta ihu a kan kwalta. A kuma yi magana a gaban shaida kan kwana nawa za a iya mayarwa. Tsohon kuma kada a yar, a rufe shi a ajiye, akwai ranar da zai ba da giya ɗaya.

Man da za a zuba, a karanta jikin galan. Galibin giyabos masu zoben tagulla GL-4 suke so, irin 75W-90 ko 80W-90. GL-5 an fi yin sa don aksil na baya, sinadaran da ke cikinsa na iya cin tagulla, suna kuma sa zobe santsi. Fijo 504 ita kam baƙin man inji kamfaninta ya ce a zuba mata, kuma ina kyautata zaton daga nan wasu iyayen gidanmu suka ɗauko al'adar zuba shi a kowace mota. Abin da ya dace da Fijo bai zama dole ya dace da Golf ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, a bar shi. Tsohon da aka tsiyaye kuma a tara a jarka, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.

Direbobi, saura ku. A cire hannu daga kan sandar giya in an gama sawa, nauyin hannun na sauka a kan cokali. A bari mota ta tsaya cak kafin a sa ribas. Sai kuma wata ɗabi'a da ta yawaita tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023: a gangara a sa firi a kashe inji don a tsimi mai. A motar da ke ja da baya, shaf na ƙasa ne ke watsa mai a cikin giyabos, inji ne kuma ke juya shi. Ka kashe inji shaf na ƙasa ya tsaya, shaf na baya kuwa tayoyi na ci gaba da juya shi a bushe. Wannan ma ƙaramar asara ce in aka gwada da birki, wanda ke taurarewa bayan taku ɗaya ko biyu in inji ba ya aiki, ga fasinjoji cike da mota. Wannan juyi a bushe ne kuma ya sa in Hiace ta mutu a Gwiwa za a ja ta zuwa Kazaure, a fara kwance farfela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, tukuna. Noti huɗu ne, aikin minti kaɗan.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki kuloci shi kaɗai, faifansa da murfinsa da boris ɗinsa. Mai tambaya a kan abin da muka tattauna yau ya aiko, za mu fara da amsa ta.